KWAƊON GANYE DA GASASSHIYAR KAZA: YADDA KAZA ƊAYA ZA TA ISHI GIDA

Wannan jawabi ne da aka tanada domin iyaye mata da magidanta na garin Damri da ƙauyukan da ke kewaye da shi, a Ƙaramar Hukumar Bakura ta Jihar Zamfara. An buga shi a nan domin amfanin sauran jama'ar karkara.

Maganar yau a kan abinci ce, wato kwaɗon ganye da gasasshiyar kaza mai yaji. Za a bayyana amfaninsa, da yadda uwargida za ta haɗa shi da kayan da ke kusa da ita, da kuma wuraren da ake yin kuskure har abinci mai gina jiki ya koma cuta.

BA BAƘON ABINCI BA NE

A manyan birane, in an shiga otal ko gidan biki, akan kawo faranti na yankakken ganye da tumatir, da nama a bisa, a ce sunansa salak, a tsuga masa kuɗi. Mutumin karkara in ya gani sai ya ɗauka abincin Turawa ne ko na manyan ma'aikata. Alhali kuwa kwaɗo ne, wanda a wannan ƙasa aka fi sani da datu. Tun kaka da kakanni ake datun rama da na zogale da na tafasa, a daka ƙuli-ƙuli da tonka, a yanka albasa, a ci a sha ruwa. Abu biyu kawai aka ƙara: ɗanyen ganyen lambu da tsokar kaza gasasshiya.

Kayan haɗin ma ba daga nesa suke zuwa ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ƙasashen Maradun da Talata Mafara da Bakura suka shahara da noman rani. Duk wanda ya ci kasuwar Mafara ranar Talata a lokacin hunturu ya san yadda tumatir da albasa da tattasai ke cika kwanduna. Abin takaici shi ne a loda su a mota zuwa birni, yaran waɗanda suka noma su kuwa su kwana da tuwo da miyar kuka kawai.

DALILIN WANNAN MAGANA

Binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a duk faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A yankin Arewa maso Yamma kuwa, inda Zamfara take, kashi 57 cikin 100 ne. Binciken ya kuma nuna kashi 68 cikin 100 na ƙananan yara da kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta auna yara a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, ta tarar yaro 1 cikin kowane 4 yana da tamowa.

Mutanen Damri ba sa bukatar a tuna musu da harin watan Mayu na 2022. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Rashin tsaro ya taɓa tukunyar gidaje da yawa a jihar nan. Inda aka sace shanu, nono da man shanu sun tafi. Inda gonar nesa ta gagara zuwa, rumbu ya ragu. Abin da ya rage a hannun mace, wanda take da iko a kansa, shi ne 'yan kajinta da ɗan filin bayan ɗakinta. Saboda haka ya kamata a san yadda za a ci moriyarsu sosai.

Tuwo da hoce da fura suna ba da ƙarfi, amma su kaɗai ba sa gina jikin yaro. Jiki yana bukatar abinci iri uku: mai ba da ƙarfi, kamar dawa da gero da shinkafa, mai gina jiki, kamar nama da ƙwai da wake da gyaɗa, da mai kare jiki daga cututtuka, wato ganyaye da 'ya'yan itatuwa. In aka ci wannan kwaɗo da hoce ko dafaffen dankali, an haɗa ukun a akushi ɗaya.

MATSALAR RABON KAZA

Kowa ya san yadda ake rabon kaza a gidaje da yawa. Ba a yanka ta sai an yi baƙo, ko suna, ko Salla. In an dafa, cinya da ƙirji da ƙundu su tafi zaure wajen maigida da baƙinsa. Uwargida ta sami fiffike in ta yi sa'a. Yara kuwa sai kai da ƙafa da wuya, inda babu tsoka. Ga shi kuma yaron da aka yaye da mace mai ciki da mai shayarwa su ne suka fi kowa bukatar naman.

To, a nan hikimar wannan girki take. In aka gasa kaza aka zare tsokarta daga ƙashi, aka yayyaga ta ƙanana aka cuɗe da ganye, babu sauran cinya babu sauran wuya. Duk wanda ya sa hannu ya ɗebo loma, da nama a ciki. Kaza ɗaya da ba ta isar mutum 3 a cikin miya, sai ta ratsa akushin mutum 8. Maigida bai rasa girmansa ba, yaro kuma bai tashi da ƙashi kawai ba.

ZAƁEN KAZA

A zaɓi matashin zakara, a bar kaji masu ƙwai su ci gaba da aikinsu. Naman matashi ya fi taushi, kuma gida ba ya bukatar zakaru da yawa.

Amma sharaɗi na farko shi ne kazar ta kasance lafiyayya. Akwai al'adar da in aka ga kaza ta yi laushi, tana gyangyaɗi, tana zawo ko wuyanta ya murɗe, sai a yi maza a sa mata wuƙa don kada ta mutu a yi asara. Wasu kuma su kai ta kasuwa su karyar. Arha ba ta ado. Kazar da ke ciwo ba abinci ba ce. Tun da aka tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006, a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, cutar takan tafi ta dawo, kuma tana iya kama wanda ya yanka ko ya fige tsuntsu mai ciwon. In kaji suka fara mutuwa a jere, a haƙa rami mai zurfi a binne su, a hana yara taɓawa, a sanar da malamin dabbobi. Annobar da ta saba share kajin gida lokacin hunturu kuwa tana da rigakafi, wanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take haɗawa. A tambayi malamin dabbobi tun kafin sanyi ya shigo.

KAYAN HAƊI NA GIDA MAI MUTUM 8

Kaza 1. Ganyen latas dami 2. Kabeji rabi. Karas 4. Tumatir 6 masu ƙwari. Albasa 2. Gurji 2. Tattasai 2. Dafaffen zogale cikin ƙaramin kwano 1. Lansir in an samu. Dakakken ƙuli-ƙuli gwangwanin madara 2. Lemun tsami 4. Man gyaɗa babban cokali 4.

Na yaji kuwa: tonka, citta, masoro, kanumfari kaɗan, tafarnuwa da gishiri. Ba dole sai an tara duka ba. Abin da ya samu a yi da shi.

DAKAN YAJI

A daka busasshiyar citta cokalin shayi 2, masoro cokali 1, kanumfari ƙwara 5, da tonka gwargwadon yadda mutanen gida ke son zafi. A zuba rabin gwangwani na ƙuli-ƙuli a sake dakawa, a tankaɗe. Wannan shi ne yajin gashi.

A nan akwai gargaɗi uku. Na farko, turmin abinci ya zama na abinci kaɗai. A 2010 aka gano gubar dalma a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum, inda yara wajen 400 suka rasu, saboda ana daka duwatsun zinariya ana niƙa su a cikin gidaje. Turmi ko injin da ya taɓa cin dutsen ma'adinai kada a sa masa yaji ko hatsi.

Na biyu, a duba ƙuli-ƙulin. In ya yi fumfuna, ko yana ɗaci, ko yana warin tsufa, a zubar. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Na uku, a rage gishiri da dunƙulen magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da cikin cokalin shayi 1, har da wanda ke cikin magi. Yawansa yana jawo hawan jini. Citta da tafarnuwa da lemun tsami sun isa su tayar da ɗanɗano. Gishirin kuma a sayi na leda mai sinadarin aidin, wanda gwamnati ta wajabta tun 1993 domin maganin maƙoƙo.

GYARAN KAZA DA GASHI

A yanka kazar a fige ta a can gefe, nesa da inda aka ajiye ganye da ruwan sha. Ɗanyen naman kaza, ko da na lafiyayya ne, yakan ɗauko ƙwayoyin cuta daga hanjinta, masu sa zawo da zazzaɓi. Wuta tana kashe su, amma in suka hau ganyen da za a ci ɗanye babu mai kashe su. Don haka ruwan da aka wanke kaza a zuba shi a rami a rufe. Wuƙar da ta yanka kaza da faifai ko katakon da aka ɗora ta a kai, kada su taɓa ganye sai an wanke su da sabulu. Uwargida ma ta wanke hannunta da sabulu, ko da toka in babu sabulu.

A raba kazar gida 4 ko 6. Da yake kazar gida tana da tauri, a fara sulala ta a tukunya da ruwa kaɗan da albasa da tafarnuwa, kamar minti 20. Wannan yana da amfani biyu: naman zai yi taushi, kuma cikinsa zai fara nuna kafin ya hau wuta. Romon kada a zubar, a zuba a miyar dare ko a dama wa yaro da shi. Hantar kuma a bar ta ta nuna sosai a ware wa ɗan yaye da mai shayarwa, domin tana ƙara jini tana kuma gyara ido.

Sai a tsame naman, a tsattsaga shi da wuƙa, a matse masa lemun tsami 2, a shafa man gyaɗa cokali 1, a barbaɗe da yaji. Kafin a sa yajin a ware rabon ƙananan yara, a gasa musu nasu babu tonka. A rufe naman na rabin awa don yajin ya ratsa. Inda babu firji kada a bar shi ya wuce haka.

A hura gawayi a kurfoti ko murhu, a jira har harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi ja da farar toka a bisa. A ɗora ragar ƙarfe mai tsabta, a jera naman, a riƙa juyawa na minti 20 zuwa 30. Garwashi ke gashi, harshen wuta ƙonawa yake yi: waje ya yi baƙi, ciki yana ɗanye. Wurin da ya ƙone ƙurmus a kankare a yar, ba shi da kyau ga jiki. Kada a hura wutar gashi da leda ko roba ko tsohuwar taya. Haka kuma, kome sanyi, kada a shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa, domin iskar gawayi tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Yadda za a gane ta nuna shi ne a tsaga cinya har ƙashi. In ruwan da ya fito fari ne garau, kuma babu ja a jikin ƙashin, ta yi. In da sauran ja, a mayar. Sai a sauke a kwano mai tsabta, ba wanda aka zuba ɗanyen ba, a bar ta ta huce, a zare tsokar a yayyaga.

WANKIN GANYE

Wannan shi ne wurin da ya fi ko'ina bukatar kula. Ganyen lambu yakan sha ruwan magudana inda dabbobi ke sha, ake wanki, wani lokaci har da bahaya a kusa. A kasuwa kuma a yayyafa masa ruwan da ba a san asalinsa ba. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Zamfara tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ta ruwa da abinci cutar ke shiga. Haka taifot da tsutsar ciki.

Saboda haka a ɓare latas ganye-ganye, a yar da na waje da ya lalace. A wanke kowane ganye gaba da baya da ruwa mai tsabta, wato na famfon burtsatse, ko wanda aka tafasa ya huce, ko wanda aka sa wa maganin tsabtace ruwa. A sauya ruwan sau 3. Jiƙa shi cikin ruwan gishiri ko na lemun tsami yana fitar da ƙwari da ƙasa, amma ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, don haka bai maye gurbin wanki ba. Karas da gurji a wanke, sannan a fere. Tumatir a wanke kafin a yanka, ba bayan an yanka ba.

In ana annobar amai da gudawa a gari, ko ruwa mai tsabta ya yi wuya, a bar ɗanyen ganye gaba ɗaya. A yi kwaɗon da dafaffen zogale da rama, a turara kabeji da karas. Ƙananan yara ma dafaffen ya fi dacewa da su a kowane lokaci.

Manoman lambu su ma suna da nasu alhakin. Kowace kwalbar maganin feshi an rubuta mata kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a ɗebi amfani. Wanda ya yi feshi yau ya kai kasuwa gobe, guba ya sayar wa 'yan'uwansa.

HAƊAWA DA CI

A yanka ganyen da sauran kayan a babban akushi. A dama ragowar ƙuli-ƙulin da tafasasshen ruwa kaɗan har ya yi kauri kamar kunu, a matse lemun tsami 2, a zuba man gyaɗa cokali 3 da ɗan yaji. A kwarara a kan ganyen, a zuba naman, a cuɗa da wankakken hannu ko ludayi. Ba a bukatar kirim ɗin kanti na kwalba. Yana da tsada, kuma in an buɗe shi babu firji lalacewa yake yi.

Kowane abu a nan da aikinsa. Man gyaɗa shi ke taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A da ke cikin karas da zogale, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Lemun tsami da tumatir da tattasai suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin da ke ƙara jini. Shayi kuwa tare shi yake yi, don haka kada a kora da shayi, a bari sai an jima. Mai ciwon sukari wannan abinci ya dace da shi. Mai gyambon ciki kuma a rage masa tonka.

A haɗa kwaɗon daf da lokacin ci. Kada a bar shi ya wuce awa 2 a ajiye, musamman da bazara, kuma kada ya kwana. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a akushi. Ƙaramin yaro a zuba masa nasa daban, a daddage masa naman, a zauna kusa da shi har ya ci, don in an haɗa shi da manyan yara ba zai sami kome ba. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

IN BABU KAZA, IN BABU LATAS

Ba kowane gida ke iya yanka kaza kowane mako ba. Ko sau 1 ko 2 a wata aka yi, an ci riba. Sauran ranaku a sa dafaffen ƙwai, ko kifi, ko wake, ko awara a madadinta. Maganar da ake yi cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe. Ƙwai gina yaro yake yi.

Latas kuma ɗan sanyi ne, ya fi yi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma cikin wata 2 ake cinsa. Uwargida tana iya shuka shi a bayan ɗaki, cikin tsohon buhu ko fasasshiyar tukunya, ta riƙa ba shi ruwan wankin hatsi, ta kare shi da ƙaya don kaji. Kashin kaji taki ne mai kyau, amma sai ya daɗe ya ruɓe, kada a zuba ɗanyensa kusa da ganyen da za a ci ɗanye. Zogale kuwa a dasa 2 ko 3 a jikin danga, zai yi shekaru yana ciyar da gida. Da damina ga rama, ga tafasa, ga alayyafo.

KIRA GA MAGIDANTA

Daga ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwargida ba za ta iya wannan ita kaɗai ba. Maigidan da ya kai tumatir da albasa kasuwa ya rage na gida tun kafin ya ɗaura kaya. In ya dawo ya riƙo karas da lemun tsami. Ya yarda a yanka zakara domin iyalinsa ko da babu baƙo. Kuɗin zakara ɗaya bai kai abin da ake kashewa ba in tamowa ta kwantar da yaro aka yi jigila zuwa asibitin Mafara. In kuwa an ga yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zuba, to abin ya wuce gyaran kwaɗo, a hanzarta kai shi asibiti.

Wanda ya ji wannan bayani ya isar da shi ga maƙwabcinsa. Allah ya ba da lafiya da zaman lafiya, ya raya zuriya.